Martani: Wadatar Zuci Ba Ta Cika Tukunya

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce wadatar zuci kaɗai ta isa ta tsare lafiyar talaka. Ban yarda ba. Gaskiya ne mai ƙana'a yana samun barci, damuwa kuwa tana tayar da hawan jini. Amma zo Ƙofar Kaura a Katsina da yamma, ka ga ɗan Keke Napep da kuɗin mai ya cinye cinikinsa tun cire tallafi a 2023, zai koma gida da rabin mudun masara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce tamowa ta kashe yara 652 a cibiyoyinta na jihar Katsina a farkon rabin 2025. Haƙuri ne iyayensu suka rasa? Masu mulki za ka fara yi wa wa'azin ƙana'a, su rage handama, a wadata asibitoci da magani.