Tsakanin Ingila da Amurka, Tsakanin Ɗanƙwairo da Shata

Masu sauraron kiɗan Turawa suna da wata tsohuwar gardama da ta haura shekara sittin ba ta kwanta ba: tsakanin Ingila da Amurka, wa ya fi wani iya waƙa? Magoya bayan Ingila sukan jero Beatles da Rolling Stones da Led Zeppelin da Queen. Na Amurka su mayar musu da Elvis Presley da James Brown da Aretha Franklin da Bob Dylan da Michael Jackson. Wanda ya dubi jerin nan biyu a tsanake zai ga abin da masu gardamar kan tsallake. Jerin farko sunayen ƙungiyoyi ne, na biyu kuwa sunayen mutane ne. Gaskiya ne Amurka tana da irin su Beach Boys, Ingila kuma tana da irin su Elton John da Adele, amma in ana maganar abin da kowace ƙasa ta fi shahara da shi, Ingila ta ba duniya ƙungiya, Amurka ta ba ta tauraro. Wannan bambanci ne ya sa nake ganin gardamar ta shafe mu, domin kiɗan Hausa ya san waɗannan hanyoyi biyu tun kafin a haifi ko ɗaya daga cikin mutanen da na ambata, kuma a ƙauyukan arewacin Kano ɗaya daga cikin hanyoyin tana shirin toshewa.

Sai mu fara da yadda Ingila ta samu nata. Kusan duk abin da samarin Liverpool da Landan suka kaɗa a farkon shekarun 1960 aro ne. Tushensa kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, wanda ya tsiro daga waƙoƙin aikin gona a gonakin audugar Mississippi, ya bi 'yan ci-rani zuwa Chicago da Detroit. Rolling Stones, da suka haɗu a Landan a 1962, sunansu ma daga wata waƙar Muddy Waters suka ɗauko shi, kuma da suka je Amurka a 1964 sai da suka nemi situdiyon Chess na Chicago, inda gwanayen nasu suke ɗaukar faifai. A shekarar ce kuma, ranar 9 ga Fabrairu, Amurkawa kimanin miliyan 73 suka zauna gaban talabijin suna kallon Beatles, kuma kafin wata biyu ya cika waƙoƙinsu suka mamaye gurabe biyar na farko a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a ƙasar. Wato Ingila ta ari kayan Amurka, ta sake musu ɗinki, ta mayar mata da su ta saya da tsada.

To me ya mayar da aron ya zama nasu? Zama tare ne da yawan kaɗawa. Tsakanin 1960 da 1962 Beatles sun yi ta zarya zuwa Hamburg ta Jamus, suna kiɗa sa'o'i masu yawa kowane dare a ƙananan gidajen rawa, gaban mutanen da ba su damu da su ba. A nan hannuwa suka faɗa, kunnuwa suka saba da juna, har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai karya murya kafin ya karya. Su huɗu ne, uku suna rubuta waƙa, dukansu suna rerawa, kuma duniya ta san sunan kowannensu har da mai ganga. Abin ya kai ga Jimi Hendrix, Ba'amurke gwanin jita wanda ya daɗe yana kaɗa wa wasu a baya, sai da ya tafi Landan a 1966 ya haɗa ƙungiya da Turawan Ingila biyu kafin ƙasarsa ta san darajarsa.

A Amurka ma makaɗa suna nan, ƙwararru kuwa, sai dai an fi ajiye su a bayan labule. Kamfanin Motown da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 yana da makaɗan gida waɗanda suka kaɗa wa kusan duk taurarinsa, amma ba a fara rubuta sunayensu a jikin faifai ba sai a 1971. James Brown kuwa ya riƙe makaɗansa riƙon soja, yana cin tarar duk wanda ya kuskure bugu, kuma da yawancinsu suka yi masa bore a 1970 kan kuɗi, sai ya ɗauko wasu samari ya ci gaba da harkarsa. A wannan tsari, waƙa ta mai suna ce, sauran yara ne.

Mai karatun da ya tashi da rediyon Kaduna da na Kano a kunnensa ya riga ya gane inda na dosa. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, shi ne tauraro irin na Amurka. Masu kalangu suna kaɗawa, 'yan amshi suna riƙe da gindin waƙa suna maimaitawa, shi kuwa yana zuba ɗiyan waƙa yadda suka zo masa a nan take, ya tsawaita in ya ga dama, ya yanke in ya ga dama. Nauyin duka a kan harshensa yake. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da sauran makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Sa'idu Faru, tsarinsu daban ne. A wurinsu jagora yakan fara ɗa, 'yan amshi su karɓe daga bakinsa su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, sannan a koma gindi tare, kotso ko taushi yana tafiya da su ƙafa da ƙafa. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an shirya waƙar, an bita, an sake bita, sai kowa ya haddace rabonsa. Ɗanƙwairo kansa cikin ƙungiyar mahaifinsa ya koya, ya kuma yi wa yayansa Kurna amshi kafin ya ja tasa. Idan akwai abin da ya yi kama da Beatles a ƙasar Hausa, to wannan ne, ko da yake mu ba mu taɓa raba suna daidai tsakanin jagora da 'yan amshi ba. Ɗanmaraya Jos kuma, shi kaɗai da kuntiginsa, ya fi kama da tsofaffin makaɗan Mississippi masu yawo da jita ɗaya.

Ba na cikin masu neman a ce wane ya fi wane a nan. Abin lura shi ne, har Shata da ya fi kowa tsayawa da ƙafarsa bai taɓa fita fage ba tare da mutane masu rai a bayansa ba. Kowace waƙar da ya yi, akwai hannun da ke matsa tsarkiyar kalangu yana sauraron numfashinsa.

Daga ina waɗannan hannuwa suke fitowa? Daga karkara. Ƙasar da ta tashi daga Dawakin Tofa da Minjibir ta nausa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Tsanyawa ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na manne da gona, ba a barin saura, kowace shekara sai an kai taki an shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. A irin wannan wuri noma yana da ƙa'idar lokaci, kuma gayya ce take fitar da mai gona kunya. Gayya kuwa ba ta armashi sai da gangar noma. Makaɗin yana bin bayan manoma kunya-kunya, ya san taken kowane saurayi da na ubansa, ya san lokacin da zai zuga wanda ya fara sanyi, ya san yadda zai daidaita bugunsa da faɗuwar fartanya. A kasuwa mahauta suna da mai kalangunsu. Da dare 'yan mata suna gaɗa a dandali, ɗaya ta bayar, saura su amsa da tafi. A cikin gida ranar biki mata suna kifa ƙwarya a ruwa su yi amada, kiɗan da Barmani Coge da Uwaliya Mai Amada suka fitar da shi fili. Masu bandiri suna da nasu zaman. Duk waɗannan su ne Hamburg ɗinmu. Yaro yakan fara da riƙe ƙaramar ganga a bayan ubansa, ya shekara goma yana kuskure a gaban jama'a kafin a ce ya iya.

Abin da ya faru da wannan makaranta ba ɓoyayye ba ne. Gonaki sun ƙara tsukewa da rabon gado, maganin feshi da 'yan ƙwadago sun rage buƙatar gayya, samari sun fi karkata ga acaba da ci-rani, dandali kuma ya yi sanyi saboda dalilai na makaranta da na addini da na tsaro. Ga kuma tsohon tabon da ke jikin sana'ar: makaɗi maroƙi ne a idon jama'a, ana jin daɗin kiɗansa, ana ƙyamar ba shi aure. Ɗan makaɗin da ya yi sakandare da wuya ya koma ya rataya ganga. A birni kuwa, bayan fitowar Turmin Danya a 1990, harkar fim ta buɗe wa waƙa sabuwar kasuwa, kuma a tsakiyar shekarun nan fiyano ƙirar Yamaha ya shiga situdiyoyin Kano. Na'ura ɗaya tana fitar da amon ganga da sarewa da goge, mutum ɗaya yana sarrafa ta. Lissafin a bayyane yake: wanda zai ciyar da baki takwas, ya yi musu mota, ya raba musu abin da aka samu, yanzu zai biya kuɗin situdiyo na yini ɗaya. Daga baya kwamfuta ta zo ta gyara har muryar da ta kauce. Biki a ƙauye a yau, sau da yawa, janareta ne da lasifika da yaro mai waya cike da waƙoƙin Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Umar M. Shareef. Mun wuce Amurka a bin tauraro, domin mu mun sallami makaɗan bayan labulen ma gaba ɗaya.

Idan manyanmu suka tashi kukan lalacewar waƙar Hausa, kusan kullum aro suke zargi: karin Indiya ne, salon 'yan gambarar Amurka ne, ba namu ba ne. A ganina wannan dukan taiki ne an bar jaki. Tarihin Ingila ya nuna aro ba ya kashe kiɗa, yana iya ma raya shi. Mu ma kukuma da goge da algaita ba mu kaɗai muke da su ba, kuma masu bege a Kano sun daɗe suna ɗora yabo a kan karin waƙoƙin Indiya har ya zauna a kunnen mutane kamar gado. Abin aro yana zama na gida ne idan ya bi ta hannun mutane da yawa, suka murza shi dare da rana, kowa ya bar masa ɗan tabonsa. Karin da aka ɗauko daga Mumbai aka zuba a na'ura, aka fitar da shi washegari, bai bi ta hannun kowa ba. Shi ya sa waƙoƙi ɗari sukan fito da bugu iri ɗaya, ko da baitocin sun yi kyau, kuma sau da yawa suna yin kyau. Aminu Ala da Nura M. Inuwa ba su da abin jin kunya ta fuskar sarrafa harshe.

Dole kuma a faɗi alherin fiyano. Tsohuwar ƙungiya ba aljanna ba ce. Yaron makaɗi yakan tsufa yana amshi ba shi da ko akuya, sunansa bai taɓa fita ba, abin da James Brown ya yi wa yaransa ba baƙo ba ne a nan. Situdiyo ya ba wanda bai gaji kiɗa ba damar yin waƙa, ya ba mata irin su Fati Nijar fili, ya cire wa sana'ar wani ɓangare na ƙasƙancin roƙo. Saurayi daga Kunci yana iya yin waƙa yau, gobe a ji ta a Agadas da Kumasi da Jidda. Ba wanda zai mayar da wannan baya, ba kuma wanda ya kamata ya nema.

Amma ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya, kuma shaidar tana maƙwabta. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1980 hukuma ta kafa gasar kiɗa da sunan Ɗan Gurmu, makaɗin Tawa, ta kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya a Yamai. Daga wannan yanayi ne ƙungiyoyi irin su Mamar Kassey da Tal National suka fito, suna haɗa jita da kalangu, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci. Tal National sun ƙware ne ta hanyar da Beatles suka bi, wato kiɗa a gaban jama'a dare bayan dare, kuma a 2013 wani kamfanin Ingila, FatCat, ya fitar da faifansu mai suna Kaani. Kano ta fi Yamai jama'a da kuɗi da mawaƙa nesa ba kusa ba, amma da wuya ka ambaci ƙungiyar zamani guda a cikinta da aka sani da sunan ƙungiya.

Kuɗin da za a gyara wannan yana nan, inda ake kashe shi ne ya bambanta. 'Yan siyasa da attajirai su ne sarakunan mawaƙan yau, kuma abin da ake liƙa wa mawaƙi ɗaya a dare ɗaya yana mamin waƙarsa a kan faifai ya isa ya riƙe masu kalangu uku da mai kukuma wata guda. Mu da muke shirya bukukuwan ƙannenmu da 'ya'yanmu, mu ne masu cewa a zo da makaɗa ko a zo da lasifika. Mawaƙan da suka yi ƙarfi suna iya ɗaukar makaɗa na dindindin, su bita tare, su hau dandamali tare, su rubuta sunan mai kalangu da na mai gurmi a ƙarƙashin waƙar a YouTube, su yanka musu kaso sananne. Gidajen rediyon Kano, da suka yi yawa tun bayan buɗe Freedom a 2003, suna iya ware sa'a ɗaya a mako ta kiɗan kai-tsaye, a ɗauko makaɗan daga Bichi da Ɗambatta da Tsanyawa tun waɗanda suka san taken noma suna da ƙarfin ɗaga gula. Yawancinsu sun manyanta, kuma taken ba a rubuce yake ba, a hannunsu yake.