RA'AYINMU: Kada Mu Kira Gigin Tsufa Maita

Kamar yadda kowa ya sani, a garuruwanmu na karkara, irin su Tozai da ke ƙaramar hukumar Illela a Jihar Sakkwato, idan tsoho ko tsohuwa ya fara manta sunayen jikokinsa, ko ya fita cikin dare yana sambatu, sai a ce gigin tsufa ne. Wani lokaci ma abin yakan wuce nan, a ce maita ce ta tona kanta, a shiga tsangwamar baiwar Allah. Mun ga ya wajaba mu jawo hankalin masu karatu ga abin da masana suka gano, domin rashin sani ya fi dare duhu.

A shekarar 1906 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya binciki ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan ta yi fama da tsananin mantuwa, ya tarar da wasu zare-zare a cukurkuɗe cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar. Sai bayan shekara 80 aka tabbatar cewa wani furotin ne mai suna tau, wanda aka gano a Amurka a 1975, yake haɗa waɗannan zare-zare.

Kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa tana da doguwar jijiya, a cikinta kuma akwai hanyoyi kamar layin dogo, inda ake jigilar abinci da saƙonni. Aikin tau shi ne riƙe layin, kamar katakan da ke ƙarƙashin dogo. Idan cuta ta zo, sai tau ya saki layin, ya nannaɗe, ya manne wa 'yan'uwansa. Layi ya wargaje, kaya su tsaya, mahaɗar da ƙwaya ke magana da maƙwabciyarta ta lalace, daga bisani ƙwayar ta mutu. Masana da dama suna ganin ƙananan dunƙulen farko sun fi manyan dafi, domin suna tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya suna gurɓata tau mai lafiya. A 1991 Heiko da Eva Braak suka nuna cewa ɓarnar takan fara ne daga sashen da ke ajiye sababbin abubuwa. Shi ya sa kaka za ta ba da labarin aurenta tiryan-tiryan, amma ta rantse ba a ba ta fura ba, alhali ga ƙwaryar a gabanta.

Wannan cuta tana ƙasarmu. Binciken da likitocin Ibadan da na Indiyanafolis suka fara a 1992 ya same ta a tsakanin tsofaffin Yarabawa, ko da yake ba ta kai yawan ta baƙaƙen Amurka ba, haka kuma likitocin Zariya sun same ta a arewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da cututtukan mantuwa, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ita, amma akwai abin yi. Iyalai su kai tsohon da ya rikice asibiti, domin wani ruɗewar daga zazzaɓi ne ko ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma yana warkewa. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware yana kan hanyar Illela zuwa Sakkwato. A rufe rijiya, a kula da wuta, a sa masa takarda mai sunansa da garinsu a aljihu, tunda a bakin iyaka tsohon da ya ɓata zai iya tsintar kansa a Birnin Ƙonni. Masu sauran ƙarfi kuma su riƙa auna hawan jini da ciwon suga, su bar taba, domin hakan na rage haɗarin.

Muna kira ga hukumar lafiya ta jiha ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane alamun cutar. Muna kuma roƙon hakimai da limamai da fastoci su tsawata wa duk mai ɗaga hannu ko harshe a kan tsoho. Wanda ya goya mu a jiya ya cancanci haƙurinmu a yau. Allah Ya sa mu gane.