SHARHI: Maganin Ciyawa Tsakanin Sauƙin Noma da Lafiyar Iyali

Sanin kowa ne cewa ciyawa ita ce babbar abokiyar gabar manomi, domin tana rabon ruwa da taki da hasken rana da shuka. Masana aikin gona sun tabbatar da cewa makonni shida na farko bayan shuka su ne lokacin da ɓarnarta ta fi tsanani, abin da ya sa iyayenmu ba sa wasa da noman firi da maimai. Gonar da ciyawa ta rufe a wannan tsakani, ko an nome ta daga baya, ba ta cika farfaɗowa ba.

A 'yan shekarun nan yadda ake yaƙi da ciyawa ya sauya a karkararmu. Gayya ta yi ƙaranci, matasa da dama sun koma birane neman kuɗi, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ƙwadago ya ƙara hauhawa. Manomi ya ga aikin da mutane da yawa za su wuni suna yi da fartanya, saurayi ɗaya da injin feshi a bayansa zai gama shi kafin azahar. Babu mai ganin laifin wanda ya nemi sauƙi. Abin da ke damunmu shi ne yadda maganin ya bazu a kasuwannin ƙauye, amma sanin yadda ake amfani da shi bai bazu tare da shi ba.

Da farko dai, magungunan ciyawa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake fesawa a kan ƙasa mai laima bayan shuka, kafin ciyawa ta tsiro. Akwai wanda ke ƙone ganyen duk abin da ya taɓa. Akwai kuma irin gilayifoset, wanda ke bi ta ganye har cikin saiwa, shi ne ke iya cin ƙarfin ciyayi masu taurin kai irin su tofa da kiri-kiri, amma ba ya bambanta ciyawa da shuka. Maganin da masara ke jurewa yana iya kashe wake ko gyaɗa, kuma wannan babban al'amari ne a wurinmu, inda ake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya.

A shekarar 2023 Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ta sanar da haramta farakwat, wanda manoma suka fi sani da sunan Gramoxone, daga ranar 1 ga Janairun 2024, da kuma atirazin daga ranar 1 ga Janairun 2025. Dalilin bai ɓuya ba. Farakwat guba ce da ba ta da makari, kurɓi ɗaya na iya lalata huhun mutum har ya kai ga rasa rai, atirazin kuwa yana daɗewa a ƙasa yana sauka cikin ruwan rijiya da na rafi. Duk wanda ya ga ana tallan waɗannan a kasuwa da araha, to ya tuna cewa araha ba ta ado.

Haɗarin kuwa ba a gona yake tsayawa ba, yana biyo manomi har cikin gida. Sau da yawa ana tsiyaya magani a kwalbar lemo ko robar ruwa a sayar da shi kaɗan-kaɗan, a ajiye a ƙarƙashin gado ko kusa da madafi, inda yaro zai iya ɗauka ya sha. Wasu kuma suna wanke jarkar magani su zuba man gyaɗa ko nono ko ruwan sha. Daidai shi ne a bar magani cikin mazubinsa na asali, a kulle shi nesa da abinci, in ya ƙare a ɗauraye jarkar sau uku a juye ruwan cikin injin feshi, sannan a huda ta don kada a sake amfani da ita. Mai feshi ya rufe hanci da baki da hannuwa, ya sa takalmi, kada ya yi feshi da tsakar rana ko cikin iska, kada ya ci goro ko abinci sai ya yi wanka da sabulu. Wanda ya sha magani bisa kuskure a garzaya da shi asibiti tare da jarkar, kada a ɓata lokaci wajen ba shi manja ko madara.

A lambun gida kuwa, inda ake shuka alayyafo da kuɓewa da tumatir da yakuwa, ba mu ga dalilin feshin maganin ciyawa ba. Cira da hannu bayan ban ruwa, da rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, sun wadatar, kuma rufin yana riƙe laima. A bar takin dabbobi ya ruɓe sosai kafin a zuba, domin ɗanyen taki yana ɗauke da irin ciyawa. Mu kuma tuna cewa tafasa da lalo da gasaya da zaki-banza, waɗanda mata ke tsinka a gefen gona don miya da kwaɗo, feshi yana ƙarar da su, wanda ya tsira kuma yana iya shiga tukunya da gubarsa.

Akwai ciyawar da feshi kaɗai ba ya maganinta, wato ƙuduji ko wuta-wuta. Tana liƙewa a saiwar dawa da gero da masara tana tsotsar su tun kafin ta fito fili. Tushe ɗaya yana zubar da dubban iri, kuma irin na iya zama a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran shuka. Hanyar da ta tabbata ita ce a tuge ta kafin ta yi fure a ƙone, a ƙara wa ƙasa taki domin ta fi yawa a gonar da ta gaji, a riƙa juya shuka da waken suya ko gyaɗa ko auduga, waɗanda ke sa irinta ya tsiro ya mutu don bai sami inda zai liƙe ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, tare da cibiyar IITA, sun fitar da irin masara da wake masu jure mata.

Har ila yau, batun ya shafi mai saye a kasuwa. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper a buɗaɗɗun kasuwanni. Waken da Turawa suka ƙi, mu ne muke cin irinsa. Buhun PICS mai ninki uku, ko jarka mai murfin da iska ba ta shiga, suna kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba. Uwargida ta guji waken da ke warin magani. Mai sayen maganin gona kuma ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki da launin gindin takardar, domin ja yana nufin guba mafi tsanani.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da sassan aikin gona da su tura malaman gona kasuwanni ranar da suke ci, su nuna awo da haɗi a aikace. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su sa ido kan masu tsiyaya magani a kwalabe, su kai rahoto ga hukuma. Limamai su tunatar da jama'a cewa sayar wa mutane abincin da aka san yana da guba cin amana ne. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare iyalanmu, amin.