Masu cewa gara soja

Jiya da daddare musu ya kaure a ɗakinmu nan Ibadan. Wani abokinmu ya dage wai gara soja su karɓi mulki, tunda farar hula ma harbi suke yi. Ban musa masa zancen harbin ba. Mun ga Lekki a Oktoban 2020. Mun ga yaran da aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, aka kai su kotu a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, wasu har suna zubewa don yunwa.

Amma ɗan'uwa, surutun jama'a ne fa ya sa aka sako yaran nan cikin 'yan kwanaki. A zamanin soja wa zai yi surutun?

Mu ɗalibai kam bai kamata mu manta ba. A 1986 Babangida ne a kan mulki lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa ɗaliban ABU Zariya wuta. Ya ce shi ba a haife shi ba lokacin. Ni ma haka, shi ya sa na tambayi baffana da ya yi karatu a can.