Me ya haɗa tarin alade da allurar da za a yi wa ɗanka?

1/ Yau a aji malaminmu ya ɗauko zancen ƙwayoyin cutar huhun alade. Wani daga baya ya ce, "Malam, mu da ba ma ci, ina ruwanmu?" Aka fashe da dariya. Ni dai na ce akwai ruwanmu, har da tsakinmu. Ku biyo ni cikin zaren nan.

2/ Manyan bakteriyar da ke kama huhun alade sun haɗa da Pasteurella multocida, Actinobacillus pleuropneumoniae da Mycoplasma hyopneumoniae. Kada sunayen su firgita ku. Ku riƙe ta farkon kawai.

3/ Ita Pasteurella iri biyar ce bisa ga rigar da ke jikinta: A, B, D, E da F. A da D ne suka fi damun aladu. B da E ke kashe shanu farat ɗaya. A ɗin kuma ita ke jawo kwalarar kaji. Kun ga ashe har garken Fulani da kejin gidanku danginta sun shiga.

4/ Sanin irin yana da amfani, domin rigakafin da aka haɗa don wani iri ba lallai ya kare dabba daga wani ba. Haka Mycoplasma ba ta da bangon da penisilin ke rusawa, ko kwalba goma ka ɗura asarar kuɗi ce. Mu kuwa da dabba ta yi tari, sai kemis, sai allura.

5/ In ka ba da maganin da bai dace ba, ko rabin ƙa'ida, raunanan ƙwayoyin ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Abin tsoron shi ne suna miƙa wa juna sinadarin gadon wannan tauri ta wani ɗan zobe da ake kira filasmid, ko da ba jinsi ɗaya ba ne.

6/ A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka bayyana gano mcr-1 a bakteriyar hanjin aladu. Yana hana kolistin aiki, maganin da likitoci ke ajewa sai komai ya gagara. Sun same shi a naman kasuwa da jikin majinyata. Kafin a ankara an gan shi a nahiyoyi da dama.

7/ Wasu ma kai tsaye suke kama mutum. A 2005 Streptococcus suis ta kama mutum sama da 200 a lardin Sichuan, kusan 40 suka rasu, galibinsu masu yanka da fiɗa.

8/ Kuma kar a ce abin can nesa ne. Kasuwar aladu ta Katsit tana nan Kafanchan. Bayan haka, wallahi abin da ake yi a gonar aladu shi muke yi a gonar kaji: a zuba tetirasaikilin a ruwan sha, kaza lafiyarta ƙalau, wai don kada. Kashin nan kuma shi ake kaiwa gonar alayyafo.

9/ Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi jin jiki gwargwadon yawan jama'a.

10/ Tarayyar Turai ta haramta sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙara ƙiba tun 2006. Sin ta hana hakan da kolistin a 2017. Ra'ayina, sayar da waɗannan magunguna ba takardar likitan dabbobi ya kamata ya zama laifin da ake hukuntawa da gaske.

11/ Na san za a ce talaka ina ya ga kuɗin gwaji, kuma likita ya yi nisa. Gaskiya ne, shi ya sa ba makiyayi nake fara zargi ba. Gwamnati ta kusanto da ɗakunan gwaji da ma'aikata kafin ta ɗaga sanda.

12/ Kafin nan, in kana kiwo: ka yi rigakafi, ka ware mara lafiya, ka buɗe wa ɗakin iska, ka cika kwanakin magani, ka jira wa'adin da ke jikin kwalba kafin ka sayar da nama, ƙwai ko nono.

13/ Ka tura wa ɗan'uwanka mai kiwon kaji wannan zaren. Masu tambaya kuma ku ajiye a ƙasa, zan amsa bayan lakcar yamma in sha Allah.