Filin Uwargida: Gishiri, Kanwa Da Hawan Jini

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, maganar tukunya ce.

Kwanakin baya ina zaune a tsakar gida a nan Magajin Gari, Birnin Gwari, ina rubutu, sai na ji Gwaggo tana cewa, "Ke 'yar nan, zo ki riƙe ni, gidan nan juyawa yake." Kafin in ajiye biro ta zube. Da muka kai ta asibiti aka auna, likita ya ce jininta ya haura 180. Ya ce tun daga 140 bisa 90 ake kiran sa hawan jini. Tambayarsa ta farko ita ce, wa ke yi mata girki? Wallahi kunya ta rufe ni, domin ni ce, kuma dunƙulen magi huɗu nake sa wa miyar kuka, ga gishiri, ga kanwa.

Ku sani 'yan uwa, gishiri idan ya yi yawa yana riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zuciya ta yi ta wahalar harbawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin magi da burodi da taliyar leda. A rahotonta na 2023 ta ce mutum ɗaya cikin uku na manya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su ma sani ba.

A ƙasar Bangaladash, masu bincike sun gano cewa mazauna bakin teku da ruwan shansu ya gauraya da gishiri sun fi fama da hawan jini, har da masu juna biyu. Su dole ce ta sa, mu kuwa da hannunmu muke zubawa. Kanwar nan ma 'yar uwar gishiri ce. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi. Amare, ku riƙe wannan.

To mene ne abin yi? Allah ya hore mana ɗorawa a dajinmu, ki koma ga daddawa, ki rage magi. Ki ƙara albasa da tafarnuwa da citta, miya za ta yi daɗi. Wake ki jiƙa shi tun dare, ba sai kin sa kanwa ba. Busasshen kifi mai gishiri ki jiƙa ki zubar da ruwan. Ki yawaita zogale, alayyafo, kabewa, dankali da ayaba. Zoɓo ma yana ɗan taimakawa idan ba a cika sukari ba, amma ba ya maye gurbin maganin likita. Mai ciwon ƙoda kuwa ta fara tambayar likita kafin ta canza abinci.

Makon farko Gwaggo ta ture kwano, wai miyata lami ce, ko so nake in kashe ta da yunwa? Na yi ta lallashi. Yanzu bakinta ya saba, tana shan maganinta, jinin ya sauka, alhamdu lillahi.

'Yan mata 'yan makaranta, yawancinku ku ke riƙe da ludayi a gida. Ku ja iyayenku a auna su ko da ba sa jin ciwon komai, domin cutar nan ba ta sallama. Rigakafi ya fi magani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan mai kowa ya kai mu. Taku har kullum.