Fuskokin ƴaƴanmu na ɓacewa cikin hoto: mu koya musu auna haske

A ƙarshen shekarar karatun da ta wuce, wata makarantar firamare a unguwarmu ta yi bikin raba kyaututtuka. Aka jera yara a tsakar fili rana tsaka, kowa ya sha farin yadi, iyaye suka ɗaga wayoyi. Da yamma hotuna suka fara yawo a WhatsApp. Riguna sun fito fes, bangon aji ya fito, amma fuskokin yaran sun koma inuwa. Wata uwa ta yi ta jan hoton da yatsu tana neman ɗiyarta, da kallabi ta gane ta.

Kowa ya ɗora wa waya laifi. Ni kuwa ina ganin mu ne muka bar mata hukunci. Kamara tana auna hasken da ke gabanta, ta nemi ta mayar da shi matsakaici, tsakanin fari da baƙi. In fararen kaya da yashi mai ƙyalli suka cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage shi, kuma baƙar fuska ce ke fara shan wahala. Matsalar ta daɗe. Tun a shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yana ba masu wankin hoto wani kati mai hoton farar mace, su daidaita launi da fatarta. Wanda bai san auna haske da kansa ba, ma'aunin wani zai yi ta bi.

Abubuwa uku ne ke hukunta hasken hoto. Na farko ƙofar haske, wadda ke buɗewa tana tsukewa kamar ƙwayar ido. Lambobinta su ne f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, kuma lamba na girma ƙofa na tsukewa. Ƙofa mai faɗi tana fito da fuska ta dusashe bayanta, tsukakkiya tana fito da sahun gaba da na baya duka. Na biyu tsawon ƙiftawa, wato lokacin da ƙofar ke zama a buɗe, kamar 1/60 ko 1/500 na daƙiƙa. Ƙiftawa mai sauri tana tsayar da yaro mai gudu cak, mai nawa tana mayar da shi hazo. Na uku ISO, wanda ya yi kama da ƙara muryar rediyo: tashar da ke nesa za ka ji ta, amma har da shuu ɗinta. Daga 100 zuwa 3200 hoto na ƙara haske yana ƙara tsakuwa-tsakuwa.

Abin da ya kamata malamai su lura da shi shi ne, kowane mataki ninki biyu ne ko rabi. Daga f/16 zuwa f/11 haske ya ninka. Daga 1/125 zuwa 1/250 ya ragu da rabi. Masu ɗaukar hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: in rana ta take, f/16 da 1/125 a ISO 100 sun wadatar. To, a tambayi ɗan ajin CM2: muna son ɗaukar ƴan ƙwallo da 1/500, ina za mu kai ƙofa? Mun rage haske sau biyu, dole mu buɗe mataki biyu, amsa f/8. Wannan lissafin kason lamba ne da yaro zai gani da idonsa. Yana kuma koya masa cewa duk abin da ka ƙara a nan sai ka biya shi a can.

Na san abin da wasu za su ce. Ajin zana, yara sun fi ƙarfin benci, littafi ɗaya hannu biyar, ina maganar kamara? Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce a sayo na'ura ko a ƙara wata jarrabawa ba. Gwangwanin madara ya isa. A huda gindinsa da allura, a rufe bakinsa da takarda mai shara-shara, yaro ya lulluɓa da zane ya leƙa, zai ga itacen makaranta a kife. A faɗaɗa hujin, hoton ya ƙara haske ya rage kaifi. Wannan shi ne gwajin ɗaki mai duhu da Ibnul Haisam ya yi bayaninsa cikin Kitabul Manazir a Alƙahira, shekara dubu da suka wuce. Waya ɗaya ta malami kuma ta ishi aji. Yawancin wayoyi ƙofarsu ba ta canzawa, amma da dama suna da sashen "Pro" inda ake juya ISO da ƙiftawa da hannu.

Wasu iyaye na tsoron kada wannan ya ƙara manna yara ga waya. Ai sun riga sun manne. Gara yaron da ya san yadda ake sarrafa hoto, don shi ne zai yi saurin gane wanda aka yi wa kwaskwarima. Sana'a ce kuma: suna, biki, hoton takardun jarrabawa, duk ana biya. Seydou Keïta na Bamako da hasken rana ya ɗauki yawancin hotunansa a tsakar gidansa, yau ana baje su a manyan gidajen tarihi na duniya, fuskoki da zanen atamfa duk sun fito raɗau.

Kafin salla mai zuwa, iyaye su gwada abu uku. A kai yara inuwar bango ko ta bedi, ko a jira bayan la'asar. A taɓa fuskar yaro a gilashin waya don ta auna haske daga nan. In ƴar alamar rana ta fito, a ja ta sama kaɗan. Sannan a miƙa wa yaron wayar ya ɗauki kakarsa, a tambaye shi me ya sa wannan ya fi wancan kyau.